Mayen ƙarfe: Waɗanne ƙarafa yake kamawa, kuma me ya sa yake ƙyale zinare da azurfa?

Hausawa na kiransa mayen ƙarfe, amma sunan ya fi aikin nasa faɗi. Daga cikin sinadarai 118 da masana kimiyya suka tantance, sama da 90 ƙarafa ne, sai dai uku kacal daga cikinsu ne maganaɗisu ke kamawa da ƙarfi a yanayin zafi na yau da kullum: baƙin ƙarfe, da nikel, da kobalt. Zinare da azurfa da jan ƙarfe da alminiyon da dalma da kuza da tutiya duk ƙarafa ne, amma ko an ɗora masu maganaɗisu zamewa zai yi ya faɗi. A ɗaya ɓangaren kuma, akwai abubuwan da ba ƙarafa ba ne sam, irin su wasu duwatsu da wani nau'in tangaran, waɗanda yake kamawa, wasu ma su da kansu suke zama maganaɗisu.

Wannan bambanci ba na ɗakin karatu kaɗai ba ne. Da shi 'yan gwangwan da 'yan bola-jari ke raba kaya mai tsada da mai araha kafin su ɗora a sikeli. Da shi mai sayen sarƙa ke ƙoƙarin gane jabu, da shi ake tace ma'adinai a jihohin Kogi da Filato, kuma a kansa ne manyan ƙasashen duniya ke takaddamar ciniki. Sanin abin da gwajin maganaɗisu ke iya tabbatarwa, da abin da ba ya iyawa, na iya raba mutum da asarar kuɗi, wani lokacin ma da asarar rai.

Daga dutse zuwa allurar nuna alƙibla

Kalmar maganaɗisu ta shigo Hausa ne daga Larabci, Larabawa kuma sun aro ta daga Girkawa, waɗanda suka laƙaba wa wani baƙin dutse sunan yankin Magnesiya inda ake samunsa. Kimanin shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an ruwaito cewa masanin nan Thales na birnin Miletus ya yi magana a kan dutsen da ke jan ƙarfe zuwa gare shi. Dutsen wani nau'in tama ne da ake kira magnatayit, wato haɗin baƙin ƙarfe da iskar oksijin.

Mutanen Sin ne suka fara cin moriyarsa wajen gane gabas da yamma. A shekarar 1088, malaminsu Shen Kuo ya bayyana yadda allurar da aka goga a jikin dutsen ke juyawa ta nuna kudu. A shekarar 1600 kuma, William Gilbert, likitan Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Ɗaya, ya wallafa littafinsa De Magnete, inda ya nuna cewa ita kanta duniya wani katafaren maganaɗisu ce, kuma ƙarfen da aka gasa ya yi ja-wur yakan daina amsa kiran maganaɗisu. A 1820 Hans Christian Oersted na ƙasar Denmak ya gano cewa wayar da lantarki ke bi ta cikinta na karkatar da allurar nuna alƙibla. Daga nan aka fahimci cewa lantarki da maganaɗisu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Abin da ke faruwa a cikin ƙarfe

Kowane abu a duniya an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, kowace ƙwaya kuma na ɗauke da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu cajin lantarki da ake kira ilektaron. Kowane ilektaron tamkar ƙaramin maganaɗisu ne mai kai biyu, arewa da kudu. A yawancin abubuwa, ilektaron na zama ne bibbiyu, ɗaya na fuskantar sama ɗaya na fuskantar ƙasa, sai ƙarfinsu ya kashe juna. Shi ya sa itace da roba da ruwa da gilashi ba sa manne wa maganaɗisu.

Sharaɗi na farko ke nan: sai ƙwayar zarra ta kasance da ilektaron marasa abokan zama. Amma wannan kaɗai bai wadatar ba, domin ƙarafa da dama na da irinsu, kuma ba a kama su. Sharaɗi na biyu shi ne ƙwayoyin da ke maƙwabtaka su yarda su fuskanci wuri guda, kamar masallata a sahu. Masanin Jamus Werner Heisenberg ya bayyana a 1928 cewa wannan haɗin kai ya dogara ne da yadda ilektaron na ƙwayoyin da ke kusa da juna ke cuɗanya, abin da ke da nasaba da tazarar da ke tsakaninsu da kuma tsarin da suka jeru a kai. A baƙin ƙarfe da nikel da kobalt, tazarar da tsarin sun dace. A kuromiyom da manganis, waɗanda ke dab da baƙin ƙarfe a jadawalin sinadarai, maƙwabtan kan juya wa juna baya, sai ƙarfin ya tashi a banza. Binciken irin wannan jeri na baya-da-baya na cikin abin da ya ba Bafaranshe Louis Néel kyautar Nobel a 1970.

To idan ƙwayoyin baƙin ƙarfe a sahu suke, me ya sa ƙusa ba ta kama 'yar uwarta ƙusa? Wani Bafaranshen, Pierre Weiss, ya amsa wannan tambaya a farkon ƙarni na 20. A cikin ƙusa akwai dubban ƙananan yankuna, tamkar unguwanni a gari. A cikin kowace unguwa ƙwayoyin na fuskantar wuri ɗaya, amma kowace unguwa da tata alƙiblar, don haka idan aka haɗa su gaba ɗaya ba a ganin wani ƙarfi a waje. Da zarar an kawo maganaɗisu kusa, unguwannin da ke fuskantar inda yake so sai su faɗaɗa su cinye sauran, ƙusar ta koma maganaɗisu na ɗan lokaci, su rungumi juna. Wannan ne ya sa allurar tela da ta daɗe manne da mayen ƙarfe takan ci gaba da ɗaukar 'yan uwanta bayan an raba su.

Rukuni uku na amsawa

Gaskiyar magana ita ce babu abin da maganaɗisu ba ya yi wa tasiri. Bambancin kawai a yawa ne da kuma alƙibla. Masana sun kasa abubuwa zuwa manyan rukuni uku.

Na farko su ne masu amsawa da ƙarfi: baƙin ƙarfe, nikel, kobalt da mafi yawan gaurayen da aka yi da su. Rodin gini, ƙusa, fartanya, jikin mota da ƙofar firji duk a nan suke. Akwai na huɗu da ke bakin iyaka, wato gadoliniyom, wanda ke shiga wannan rukuni idan zafi ya yi ƙasa da kimanin digiri 20 a ma'aunin Salshiyos. Ke nan da asubahin hunturu a Jos maganaɗisu zai kama shi sosai, amma da tsakar ranar bazara a Sakkwato ƙarfin kamun zai ragu ainun.

Rukuni na biyu su ne masu amsawa da rauni, irin su alminiyon, magniziyom, titaniyom da filatinom. Maganaɗisu na jansu, amma jan ya yi ƙanƙantar da hannu ba zai ji ba, sai na'urar awo. Wani abin mamaki shi ne iskar oksijin na cikin wannan rukuni. Idan aka sanyaya ta zuwa digiri 183 ƙasa da sifili ta koma ruwa, aka zuba tsakanin kawunan babban maganaɗisu, takan maƙale a wurin har sai ta ƙafe.

Rukuni na uku su ne waɗanda maganaɗisu ke turewa, shi ma da rauni ƙwarai. A nan ake samun zinare, azurfa, jan ƙarfe, dalma, tutiya, ruwa, itace da naman jikin ɗan Adam. Michael Faraday na Ingila ne ya yi cikakken nazarinsu a 1845. A 1997, a birnin Nijmegen na ƙasar Holan, Andre Geim da abokan aikinsa sun sa kwaɗo mai rai ya yi shawagi a iska cikin maganaɗisu mai ƙarfin tesla 16, saboda ruwan jikinsa na ture ƙarfin. Tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu, kuma na doron duniya bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na tesla guda ba. Kwaɗon ya sauka lafiya, shi kuma Geim daga baya ya sami kyautar Nobel a 2010 a kan wani binciken na daban.

Tun kafin zuwan wannan ilimi, sana'ar ƙira a ƙasar Hausa ta yi rabon da ya kusa dacewa da shi. Maƙeran baƙi, masu garma da gatari da lauje, suna aiki ne da ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa. Maƙeran fari, masu zobe da munduwa da kayan adon doki na azurfa da tagulla, nasu ƙarafan kusan duk ba ya kama su.

Wuta na warware sahu

Zafi na sa ƙwayoyin zarra karkarwa, kuma idan karkarwar ta yi yawa sahu kan wargaje. Pierre Curie ya auna wannan a 1895, shi ya sa ake kiran matakin zafin da sunansa. Baƙin ƙarfe na daina amsawa a digiri 770, nikel a wajen digiri 355, kobalt kuwa sai ya haura digiri 1,100. Idan ƙarfen ya huce yakan dawo yana amsawa, amma idan da ma shi kansa maganaɗisu ne, ƙarfinsa ya tafi ke nan sai an sake cusa masa.

Maƙeran wuƙa a ƙasashe da dama na amfani da wannan a matsayin ma'aunin zafi. Suna gasa ƙarfe suna taɓa shi da maganaɗisu. Da zarar ya daina kamawa, sun san ya kusa kai matakin da za a tsoma shi a mai ko ruwa don ya yi tauri. Wannan ƙa'ida ce kuma ta warware wata tsohuwar fahimta game da duniya. Cibiyar duniya baƙin ƙarfe ce da nikel, amma zafinta ya kai dubban digiri, nesa da matakin Curie. Saboda haka ƙarfin da ke juya allurar nuna alƙibla ba daga wani dunƙulen maganaɗisu yake fitowa ba, daga motsin narkakken ƙarfe ne da ke haifar da lantarki a can ƙarƙashin ƙasa.

Ƙarfen da ya ƙi amsawa, da tangaran da ya amsa

Babu abin da ya fi rikita masu saye da sayarwa kamar ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda ake kira sitenles. Wani cokalin maganaɗisu na kama shi, wani kuma ba ya kamawa, alhali dukansu sitenles ne na gaskiya. Nau'in da ya fi yaɗuwa a duniya, mai lamba 304, na ɗauke da kuromiyom kimanin kashi 18 cikin 100 da nikel kashi 8, ragowar kusan kashi 70 kuma baƙin ƙarfe ne. Ga baƙin ƙarfe, ga nikel, amma maganaɗisu ba ya kama shi, domin nikel ɗin ya sauya yadda ƙwayoyin suka jeru zuwa tsarin da ba ya ba da damar haɗa sahu. Nau'i mai lamba 430 kuwa, wanda kusan babu nikel a cikinsa, ana kama shi sarai, haka ma yawancin wuƙaƙen girki. Har shi 304 ɗin, idan aka lanƙwasa shi ko aka matse shi a inji, wurin lanƙwasar kan ɗan fara amsawa. Wannan ya sa kusurwar kwanon wanke-wanke ke iya riƙe maganaɗisu alhali tsakiyarsa ba ta riƙewa.

Akasin haka ma na faruwa. A 1903 Bajamushe Friedrich Heusler ya haɗa jan ƙarfe da manganis da alminiyon, waɗanda babu ɗaya daga cikinsu da maganaɗisu ke kamawa, sai ga gaurayen na amsawa da ƙarfi. Wannan ya tabbatar da cewa sirrin ba ya ga sunan sinadarin kaɗai, yana ga yadda aka jera shi.

Baƙin zoben da ke bayan lasifika, wanda yara ke cirowa daga tsohuwar rediyo, shi ne maganaɗisun da yawancin mutane suka fi sani, kuma shi ba ƙarfe ba ne. Tangaran ne da ake kira ferayit, ana yin sa da garin tsatsar baƙin ƙarfe haɗe da bariyom ko sitirontiyom, a matse a gasa kamar tukunya. Shi ya sa idan ya faɗi a siminti yake fashewa. Masanan Japan Yogoro Kato da Takeshi Takei ne suka ƙirƙiro ferayit na masana'antu a 1930, aka kafa kamfanin TDK a 1935 don sarrafa shi, sannan kamfanin Philips na Holan ya fito da nau'in da ake sa wa lasifika a farkon shekarun 1950.

Mai riƙewa da mai saki

Amsa kiran maganaɗisu daban, zama maganaɗisu na dindindin daban. Tsantsar baƙin ƙarfe na saurin karɓa, yana kuma saurin saki. Wannan hali ne ake nema a cikin tiransifoma da janareta, inda alƙiblar lantarki ke juyawa gaba da baya sau 50 a kowace daƙiƙa a tsarin wutar Najeriya. Don haka ake yin cikinsu da siraran fallayen ƙarfe mai ɗauke da silikon kimanin kashi 3 cikin 100. Shi ne kuma ke cikin ƙugiyar lantarki ta manyan wuraren tara ƙarafa, wadda ke ɗaga tarin ƙarfe idan an kunna wuta, ta zubar idan an kashe.

Maganaɗisu na dindindin kuwa na buƙatar abu mai taurin kai, wanda unguwanninsa ba sa komawa yadda suke. A shekarun 1930 aka samar da alniko, haɗin alminiyon da nikel da kobalt da baƙin ƙarfe. A shekarun 1960 aka gano haɗin samariyom da kobalt. A farkon shekarun 1980 Masato Sagawa na kamfanin Sumitomo a Japan da John Croat na General Motors a Amurka, kowa a nasa ɓangaren, suka samar da haɗin niyodimiyom da baƙin ƙarfe da boron, wanda har yau shi ne mafi ƙarfi a kasuwa. Shi ke cikin lasifikar wayar salula, da abin sauraro na kunne, da injin babura da motoci masu amfani da lantarki, da manyan fankokin samar da wuta daga iska. Rauninsa shi ne zafi da tsatsa: nau'insa na gama-gari kan fara rasa ƙarfi daga kimanin digiri 80, kuma ana lulluɓe shi da nikel don kada danshi ya ci shi.

Abin da gwajin kasuwa ke iya faɗa

Ga mai sana'ar gwangwan, maganaɗisu abokin aiki ne da ba ya ƙarya, muddin an san tambayar da ake yi masa. Gwangwanin tumatir da na madara baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa kuza, don haka ana kama su. Gwangwanin lemo yawanci alminiyon ne, ba a kama shi. Kwanon rufi na gargajiya baƙin ƙarfe ne mai rufin tutiya, yana amsawa. Na alminiyon ba ya amsawa. Tun da jan ƙarfe da tagulla da alminiyon sun fi baƙin ƙarfe tsada a kilo nesa ba kusa ba, taɓawa ɗaya na iya sauya farashin buhu guda.

A harkar wayar lantarki, gwajin rabin amsa yake bayarwa. Wayar da aka yi da baƙin ƙarfe aka shafa mata jan ƙarfe a sama, maganaɗisu zai tona asirinta. Amma wadda cikinta alminiyon ne, za ta tsallake, sai an kankare ta ko an duba bakin yankan an ga fari. Irin wannan waya ba ta ɗaukar nauyin wutar da tsantsar jan ƙarfe mai kaurinta ke ɗauka, kuma idan aka ɗora mata kaya fiye da ƙarfinta takan yi zafi har ta jawo gobara.

A kasuwar gwal ma haka abin yake. Idan maganaɗisu ya kama jikin sarƙa ko awarwaro da ƙarfi, to akwai baƙin ƙarfe ko nikel a ciki, ba zinare ne tsantsa ba. Sai dai maƙullin sarƙar gaskiya na iya amsawa, saboda ɗan sifirin da ke cikinsa na baƙin ƙarfe ne. Mafi muhimmanci, rashin kamawa ba shaidar inganci ba ne. Tagullar da aka yi wa ruwan gwal ba ta amsawa, dalma ma haka. Ƙarfen tongistin, wanda nauyinsa ya yi kusan daidai da na zinare, an sha samunsa a ɓoye cikin sandunan gwal na jabu a ƙasashen waje. Maganaɗisu na iya cewa wannan ba zinare ba ne, amma ba ya iya cewa wannan zinare ne. Tabbatarwa sai da gwajin ruwan asid, ko awon nauyi, ko na'urar haske ta masu sana'ar.

Akwai wata dabara da ke amfani da wani hali na daban. Idan aka saki maganaɗisu mai ƙarfi a cikin bututun jan ƙarfe, ba ya mannewa, amma yakan sauka a hankali kamar mai nutsewa cikin zuma. Motsinsa ne ke haifar da lantarki mai zagayawa a jikin bututun, lantarkin kuma ya haifar da ƙarfin da ke taka masa birki. Masu tara kuɗin azurfa na amfani da wannan wajen gwaji, manyan masana'antun sarrafa shara kuma na amfani da shi wajen cillo gwangwanayen alminiyon daga cikin robobi. A ɗakin girki kuwa, murhun lantarki na zamani da ke ɗumama gindin tukunya kai-tsaye ba ya aiki sai da tukunyar da maganaɗisu ke kama gindinta, don haka yana da kyau a gwada kafin a saya.

Daga Itakpe zuwa Jos

Tamar da ke Itakpe a Jihar Kogi na ɗauke da baƙin ƙarfe kimanin kashi 36 cikin 100, a cakuɗe da duwatsu marasa amfani. An tsara masana'antar da ke wurin ne domin ta niƙa dutsen, ta tace shi ta hanyar bambancin nauyi da kuma maganaɗisu, har ya haura kashi 60, kafin a aika shi kamfanonin ƙarafa na Ajaokuta da Aladja. Ba kowace tama ce ke amsawa daidai ba: magnatayit na amsawa da ƙarfi, jar tamar da ake kira hematayit kuwa da rauni, don haka tana buƙatar na'ura mafi ƙarfi.

A tsaunukan Jos, inda aka shafe fiye da ƙarni guda ana haƙar kuza, baƙin yashin da ake wankowa cakuɗe yake da ma'adinai iri-iri. Dutsen kuza ba ya amsa maganaɗisu, amma kolombayit da monazayit na amsawa kaɗan, kuma da wannan bambanci injinan tacewa ke raba su. A shekarun 1950 Najeriya ce ke kan gaba a duniya wajen fitar da kolombayit. Daga shi ake samun niyobiyom, ƙarfen da ake haɗawa da titaniyom a yi wayar maganaɗisun na'urar hoton asibiti ta MRI. Shi kuma monazayit, wanda a da ake zubarwa a matsayin dusa, na ɗauke da niyodimiyom, sai dai yana kuma ɗauke da sinadarin toriyom mai fitar da tururin nukiliya, abin da ya sa tara shi a gidaje ke da haɗari ga lafiya.

Jini, asibiti da yara

Jikin babban mutum na ɗauke da baƙin ƙarfe kimanin giram 3 zuwa 4, mafi yawansa a cikin jini. Duk da haka maganaɗisu ba ya kama mutum, domin ƙwayoyin a warwatse suke ɗaya-ɗaya cikin sinadarin da ke ɗaukar oksijin, ba su da maƙwabtan da za su yi sahu da su. Linus Pauling da Charles Coryell sun nuna a 1936 cewa jinin da ke ɗauke da oksijin ma turewa yake yi kaɗan. Hukumomin lafiya ma sun ƙaryata jita-jitar da ta yaɗu a 2021 cewa allurar rigakafin korona na sa maganaɗisu ko cokali ya manne a dantse. Ruwan allurar bai wuce rabin mililita ba, babu ƙarfe a cikinsa, kuma gumi da maiƙon fata sun isa su riƙe ƙaramin abu mai santsi.

Inda haɗarin gaske yake shi ne ɗakin MRI. Na'urar na aiki da ƙarfin tesla 1.5 ko 3, kuma maganaɗisunta a kunne yake dare da rana ko babu mara lafiya a ciki. Tukunyar oksijin ta baƙin ƙarfe, almakashi ko keken guragu na iya tashi sama su faɗa cikinta da gudu, kuma an yi asarar rayuka ta wannan hanya a ƙasashe daban-daban. Dole ne mai na'urar daidaita bugun zuciya, ko mai ɓurɓushin harsashi a jiki, ko mai walda da ƙarfe ya taɓa faɗa masa a ido, ya sanar da ma'aikata kafin ya shiga. Yawancin ƙarafan ɗorin ƙashi na zamani da titaniyom ake yin su, amma likita ne zai tantance.

A gida kuma, ƙananan maganaɗisun niyodimiyom na da haɗari ga yara. Idan yaro ya haɗiye biyu ko fiye, ko ɗaya tare da wani ƙarfe, sukan kama juna ta jikin hanji su huda shi. Wannan lamari ne na gaggawa da ke buƙatar asibiti nan take, ko da yaron bai nuna alamar ciwo ba.

Ƙaramin abu mai babbar siyasa

Ƙarancin ƙarafan da ke iya zama maganaɗisu mai ƙarfi ya mai da su makamin ciniki. Ƙasar Sin ce ke samar da kusan kashi 90 cikin 100 na maganaɗisun niyodimiyom a duniya, yayin da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ke haƙo kusan kashi 70 na kobalt. A watan Afrilun 2025, a tsakiyar takaddamar haraji da Amurka, Sin ta sanya takunkumin neman izini kan fitar da wasu nau'o'i bakwai na waɗannan ma'adinai da maganaɗisun da aka yi da su, lamarin da ya sa wasu kamfanonin motoci a Turai da Amurka da Japan dakatar da wasu layukan aikinsu na ɗan lokaci.

Wannan ya sa ƙasashe ke rige-rigen neman sababbin ma'adinai, da sake sarrafa tsofaffin injina, da kuma binciken maganaɗisun da ba ya buƙatar waɗannan sinadarai masu wuyar tacewa. Ga Najeriya, wadda ke da tama a Kogi da monazayit a Filato, ribar ba a haƙowa kaɗai take ba. Babban kuɗin yana wajen tacewa da sarrafawa, matakin da har yanzu mafi yawansa a ƙasashen waje ake yin sa, sannan kayan su dawo cikin wayar salula da fanka da injin babur a farashi mai ninki.